Ungozoma a Bakin Sitiyari: Nazarin Wani Gwaji na Faɗaɗa Shugabanci a Harkar Lafiyar Falasɗinawa

A shekarar 2013 Ma'aikatar Lafiya ta Falasɗinu, da tallafin ƙungiyar agaji ta ƙasar Norwe mai suna NORWAC, ta soma aiwatar da wani tsari a yankunan Nablus da Jeriko na Yammacin Kogin Jordan, wanda duk wanda ya ji bayaninsa a karon farko zai ɗauka ɗan gyara ne kawai a jadawalin aiki. Ungozomar da ke aiki a ɗakin haihuwa na asibitin gwamnati za ta riƙa fita rana ɗaya a mako, ta tuƙa mota da kanta zuwa wani ƙauye da aka damƙa mata, ta yi wa masu juna biyu awo a ƙaramin asibitin ƙauyen, sannan ta bi waɗanda suka haihu har gida ta duba lafiyarsu da ta jariransu. Tun kafin wannan lokaci an gwada tsarin a yankin Ramallah, kuma zuwa shekarar 2016 ya kai asibitocin gwamnati 6 da ƙauyuka 37. Galibin abin da aka rubuta a kansa ya tsaya ne a kan lafiyar uwa da jariri, kuma hakan ya dace. Ni dai abin da ya fi jan hankalina a cikinsa shi ne batun wanda ke da ikon yanke shawara a harkar lafiya, domin a ganina wannan gwaji ya fito da shugabanni daga wani mataki da tarukan bita na shekaru masu yawa ba su cika kaiwa gare shi ba.

Gidan da aka gada

Ma'aikatar Lafiya ta Falasɗinu ta kama aiki ne a shekarar 1994, bayan yarjejeniyar Oslo ta 1993, inda ta karɓi asibitocin gwamnati daga hannun hukumomin mamaya na Isra'ila waɗanda suka riƙe su tun 1967. Ba ta tarar da filin babu kowa ba. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, wato UNRWA, tana da nata asibitocin a sansanoni tun shekarar 1950. Ƙungiyar Red Crescent ta Falasɗinu tana nan tun 1968. Akwai kuma ƙungiyoyin sa kai da suka taso a ƙarƙashin mamaya, kamar ƙungiyar agajin likitoci da Mustafa Barghouti da abokansa suka kafa a 1979, wadda ta riƙa kai magani ƙauyuka tana kuma horar da 'yan matan ƙauye su zama jami'an lafiya a garuruwansu. Ga asibitoci 6 na Gabashin Birnin Ƙudus, cikinsu har da Makassed da Augusta Victoria, waɗanda ake tura masu manyan cututtuka zuwa gare su idan an samu takardar izinin shiga daga Isra'ila. Ga kuma asibitocin kuɗi. A shekarar 2007 rikicin Fatah da Hamas ya raba ma'aikatar kanta gida biyu, ɗaya a Ramallah, ɗaya a Gaza, kowace da nata naɗe-naɗen.

A cikin wannan gida mai ɗakuna da yawa, kamannin shugaba kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Makarantar koyon aikin likita ta farko a ƙasar an buɗe ta ne a Jami'ar Al-Quds a 1994, saboda haka likitocin da suka riƙe ragamar ma'aikatar a shekarunta na farko sun yi karatunsu ne a Masar da Jordan da Tarayyar Sobiyet da ƙasashen Gabashin Turai da sauran wurare, kowa da irin tarbiyyar aikin da ya taho da ita. Abin da ya haɗa su shi ne fahimtar cewa shugaban asibiti ko daraktan lafiya na lardi likita ne, galibi namiji, kuma naɗinsa daga sama yake saukowa, sau da yawa da ƙanshin siyasa a jikinsa. Ma'aikatan jinya, waɗanda a Falasɗinu maza da yawa ne a cikinsu, suna da nasu shugabannin sashe, amma muryarsu ba ta cika wuce bakin ƙofar sashen ba. Ungozomomi kuwa, waɗanda dukkansu mata ne, su ne a can ƙasan tsani, duk da cewa a hannunsu ake haihuwar mafi yawan jariran da ake haifa ba tare da matsala ba.

Wannan ba ya nufin babu mata masu faɗa a ji a fagen lafiyar Falasɗinawa. Rita Giacaman ce ta assasa abin da ya zama Cibiyar Lafiyar Al'umma ta Jami'ar Birzeit tun ƙarshen shekarun 1970, kuma cibiyar ta yaye da yawa daga cikin masu tsara manufofin lafiya a ƙasar. Samah Jabr ta shugabanci sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na ma'aikatar. A watan Afrilun 2019 Mai al-Kaila ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin ministar lafiya, kuma ta riƙe shi har 2024, cikin annobar korona da farkon yaƙin Gaza. Sai dai samun mace ɗaya a kujerar minista bai sauya wanda ke yanke shawara a ɗakin haihuwa na Nablus da ƙarfe biyu na dare ba, kuma a wannan mataki ne matsalar take.

Haihuwa tsakanin shinge da cunkoso

Bayan 1994 manufar hukuma ita ce a mayar da haihuwa asibiti, kuma an yi nasara ƙwarai, domin har ta kai kusan kowace Bafalasɗiniya a asibiti take haihuwa. Tsofaffin ungozomomin gargajiya, waɗanda ake kira daya da Larabci, sun yi ta raguwa har suka kusa ƙarewa. Da boren Intifada na biyu ya ɓarke a watan Satumbar 2000, sai wannan nasara ta nuna rauninta, domin an ɗora komai a kan cewa mace za ta iya isa asibitin birni idan naƙuda ta kama ta, alhali hanyoyin sun cika da shingayen sojoji. Alƙaluman da aka tattara na shekarun 2000 zuwa 2007 sun nuna cewa an haifi jarirai 69 a bakin shingaye, jarirai 35 da iyaye mata 5 suka rasu. Katangar da Isra'ila ta fara ginawa a 2002 ta ƙara raba wasu ƙauyuka da asibitocin da suke kusa da su, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 na ƙasar Yammacin Kogin Jordan, yankin da yarjejeniyar Oslo ta biyu ta 1995 ta kira yankin C, yana ƙarƙashin cikakken ikon Isra'ila, inda gina ko da ɗaki ɗaya na shan magani sai da izinin da ba a cika samu ba.

A cikin asibitocin gwamnati kuma, cunkoso ne. Ungozoma ɗaya takan kula da mata da yawa masu naƙuda a lokaci guda, gadaje ba su isa ba, kuma mace takan koma gida 'yan sa'o'i bayan ta haihu. Awon ciki ana yin sa a ƙaramin asibitin ƙauye, a hannun ma'aikaciyar jinya da likitan da ke leƙowa a wasu ranaku, waɗanda ba su da wata alaƙa ta aiki da ɗakin haihuwar da matar za ta ƙare a cikinsa. Wadda ta yi awon ba ta sanin yadda haihuwar ta kasance, wadda ta karɓi haihuwar ba ta taɓa ganin matar ba, kuma da zarar mai jego ta koma gida, duba lafiyarta ya zama sai in ita ta nemi zuwa. Kowane ma'aikaci yana yin nasa ɓangaren da gaskiya, amma babu mutum ɗaya da za a nuna a ce matan ƙauye kaza a wuyansa suke.

Abin da aka yi

Sabon tsarin bai gina asibiti ba, bai kuma ƙirƙiro sabon rukunin ma'aikata ba. Ya ɗauki ungozomomin da ke cikin asibitin gwamnati, masu albashin gwamnati, ya ba kowace daga cikin waɗanda suka shiga ƙauye guda da za ta riƙa zuwa a kai a kai. An sabunta musu horo a kan awon ciki da kula da mai jego, tunda aikinsu na baya ya taƙaita ne a ɗakin haihuwa. An samar da motoci na musamman don wannan aiki. An kuma kai su makarantar koyon tuƙi suka sami lasisi.

Batun lasisin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Da an so, da an haɗa kowace ungozoma da direba, kamar yadda aka saba a ayyukan gwamnati a ƙasashe da dama, to da fitarta ta dogara ne da ko direban ya zo, ko wani babba bai karɓe motar don wani taro ba, ko an sa hannu a takardar mai. Da aka ɗora ta a bakin sitiyari, sai ya zama ita ce ke duba hanya, ita ke tsayawa a shinge ta miƙa katin shaidarta ga soja, ita ke yanke hukuncin ko ta fara da gidan mai jegon da jaririnta bai kama nono ba ko ta fara da layin masu awo, ita ke sanin lokacin da ya kamata ta juyo kafin a rufe hanya. Mutanen ƙauye kuma suna ganin mace sanye da kayan aiki ta iso ita kaɗai a motar ma'aikata, ta sauko da jakarta, ta shiga gidajensu da sunan hukuma. Ban san wani darasi na aji da zai koya wa mutum ɗaukar nauyi kamar yadda wannan fita ta mako-mako take koyarwa ba, kuma ina ganin waɗanda suka nace a kan koyon tuƙin sun fahimci cewa ikon motsi shi ne farkon iko a ƙasar da aka cika da shingaye.

A ƙauyen, ungozomar takan ga mata ɗaya-ɗaya tun farkon ciki har ƙarshensa. Ta auna hawan jini, ta duba girman ciki da bugun zuciyar jariri, ta bibiyi gwajin jini da na suga, ta rubuta a littafin lafiyar uwa da yaro da ma'aikatar ta fito da shi a 2008 da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Japan, wanda matar ke riƙe da shi a hannunta duk inda za ta. Idan ta ga abin da bai kwanta mata ba, ta tura matar zuwa asibitin masu ciki mai haɗari ko babban asibiti, kuma a nan ne bambancin yake fitowa: wurin da take tura matar wurin aikinta ne, ta san likitan da ke bakin aiki, ta san ƙofar da za a bi, kuma gobe ko jibi za ta koma can ta ga abin da aka yi. Sauran ranakun mako tana ɗakin haihuwa, inda matan ƙauyenta za su iya tarar da ita idan ranar aikinta ce. Bayan haihuwa kuma ta je gida, ta duba zubar jini da ɗinki da shayarwa da cibiyar jariri, ta zauna da uwar miji da sauran matan gida waɗanda a hannunsu jegon yake.

Inda shugabanci ya shigo

Shugabanci a harkar lafiya, idan aka cire masa adon kalmomi, abu uku ne a haɗe: a ba mutum jama'ar da zai amsa tambaya a kansu, a ba shi kayan aiki, a kuma yarda ya yanke shawara ba sai ya jira wani ba. Ungozomar da ke ɗakin haihuwa a tsohon tsari ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun a cike. Wadda aka ba ƙauye ta sami dukkansu, ko da a ɗan ƙaramin fage ne. Ta san adadin masu ciki a ƙauyenta, ta san wadda ta daina zuwa awo da dalilin dainawar, ta san gidan da ba a barin mace ta fita sai da rakiya, ta san hanyar da ke rufewa idan an sami tashin hankali da 'yan kama-wuri-zauna. Irin wannan sani babu shi a ofishin Ramallah, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan irin wannan ma'aikaciya ta zauna a taron asibiti ta ce matan yankin kaza suna zuwa haihuwa da ƙarancin jini, magana ce ta wadda ta gani da idonta kuma take da rubutu a hannu.

Mataki na biyu da tsarin ya taɓa shi ne na shugabar ungozomomi a asibiti, kuma a ganina wannan ne ɓangaren da aka fi mantawa da shi. Cire ungozoma ɗaya daga ɗakin haihuwa mai cunkoso na tsawon yini guda a kowane mako ba ƙaramin abu ba ne. Dole wata ta zauna da takardar jadawali ta lissafa wa zai rufe gurbin, ta daidaita aikin dare da ranar fita ƙauye don kada wadda ta kwana tana karɓar haihuwa ta hau mota da safe, ta yi tanadin ranar da wata ta tafi hutun haihuwarta ita ma, ta kare ranar ƙauyen daga shugaban asibitin da ke ganin ɗakin haihuwa ya cika yana neman a soke fitar. Wadda ta yi shekara uku tana wannan lissafi ta koyi tsara ma'aikata, da ciniki da na sama da ita, da kula da motoci, da haɗa kai da ofishin lafiya na lardi wanda ƙananan asibitocin ƙauye ke ƙarƙashinsa. A Ma'aikatar Lafiya ta Falasɗinu sashen manyan asibitoci daban yake da sashen lafiya a matakin farko, kowane da nasa darakta, kuma wannan tsari ya tilasta wa ɓangarorin biyu su yi magana da juna ta bakin ungozomomi. Gyaran tsarin lafiya da ake ta rubutawa a takardun manufa, wato haɗa asibitin ƙauye da babban asibiti, a nan ya faru a aikace.

Akwai kuma mataki na uku, na bincike da koyarwa. Tsarin ya tafi tare da tattara alƙaluma, kuma masana Falasɗinawa da na Norwe sun yi aiki tare wajen nazarin sakamakonsa. Kasancewar ana koyar da aikin ungozoma har matakin digiri a jami'o'in Falasɗinu, ga kuma Kwalejin Ibn Sina ta ma'aikatar a yankin Nablus, ya sa ɗalibai suka sami abin koyi na ungozoma mai cin gashin kanta a cikin aikin gwamnati, ba sai a littafin da aka rubuta a wata ƙasa ba.

Abin da alƙaluma suka nuna

Nazarin da aka buga a mujallar BMJ Open a 2018 ya kwatanta ƙananan asibitocin da suka karɓi tsarin da waɗanda suka ci gaba da tsohuwar hanya, ya kuma gano cewa a inda ungozomar asibiti ke zuwa, yawan zuwa awo ya ƙaru, an fi tura masu matsala zuwa sama, kuma duba mai jego bayan haihuwa ya ƙaru sosai. Wani nazarin na 2019 a kan matan da suka haihu a asibitin Rafidia na Nablus ya nuna cewa waɗanda suka bi ta hannun waɗannan ungozomomi ba a cika yi musu tiyatar gaggawa don ciro jariri kamar sauran ba, kuma ƙarancin jini bayan haihuwa ya fi sauƙi a cikinsu. An kuma sami rahoton cewa matan sun fi gamsuwa da kulawar, sun kuma fi daɗewa suna shayar da nonon uwa zalla. Wajibi ne a faɗi cewa ba ta hanyar ƙuri'a aka zaɓi ƙauyukan ba, don haka ba za a iya rantsuwa cewa tsarin ne kaɗai ya kawo dukkan bambancin ba. Duk da haka sakamakon ya yi daidai da abin da aka gani a ƙasashe masu arziki inda aka gwada kulawar ungozoma ɗaya daga farkon ciki zuwa jego, kuma muhimmancinsa shi ne an same shi a asibitin gwamnati mai ƙarancin kuɗi, a ƙarƙashin mamaya.

Kwatanci da hanyar bita

A shekarar 2008 hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta fara wani babban shiri na shekara 5 don gyara harkar lafiyar Falasɗinawa, wanda aka fi sani da Flagship, kamfanin Chemonics ne ya gudanar da shi. A cikinsa akwai horar da jami'an ma'aikatar a kan shugabanci da gudanarwa, da sanya tsarin kwamfuta na adana bayanan majiyyata a asibitoci. Ba na cikin masu raina irin wannan aiki. Tsarin kwamfutar ya zauna, kuma likitan da aka naɗa shugaban asibiti ba tare da ya taɓa koyon kasafin kuɗi ba yana buƙatar horon. Amma irin wannan horo yana da iyaka guda biyu. Ta farko, waɗanda ake gayyata galibi su ne waɗanda suka riga suka hau kujeru, don haka yana ƙara wa shugabannin da ake da su ƙwarewa ne ba tare da ya sauya su waye shugabannin ba. Ta biyu, wanda ya dawo daga bita da sabon tunani yana dawowa ne ofishin da ba shi da ikon ɗaukar ma'aikaci ko sayen magani sai da sa hannun hedikwata, sai takardar shaidar ta ƙare a jikin bango. Ƙari a kan haka, kuɗin yana ɗaure da siyasar mai bayarwa: a 2011 majalisar dokokin Amurka ta riƙe tallafin Falasɗinawa saboda neman kujerar da suka yi a Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2018 gwamnatin Trump ta yanke tallafin UNRWA da dala miliyan 25 na asibitocin Gabashin Ƙudus, a farkon 2019 kuma USAID ta dakatar da ayyukanta a yankin gaba ɗaya.

Tsarin ungozomomin shi ma da kuɗin waje aka fara shi, amma ya bambanta ta wajen cewa abin da ya sauya shi ne yadda ake raba aiki a cikin ma'aikatar, da ma'aikatan da ma'aikatar ke biya. Akwai wasu gyare-gyare biyu da suka bi irin wannan hanya a lokaci guda. Daga 2011 UNRWA ta sake fasalin asibitocinta zuwa ƙananan rukunoni na likita da ma'aikatan jinya da magatakarda, kowane rukuni da iyalan da yake kula da su, a wuraren da likita ɗaya kan ga majiyyata kusan 100 a rana. Cibiyar Lafiyar Jama'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2011 da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙasar Norwe, ta sanya rajistar kwamfuta ta masu juna biyu a ƙananan asibitoci, wadda ke nuna wa ma'aikaciyar da ke awo abin da ƙa'ida ta ce a yi a kowane mataki. Dukkan ukun sun sauko da sani da alhaki zuwa hannun wanda ke fuskantar majiyyaci.

Inda tsarin ya gaza kaiwa

Ƙauyuka 37 kaɗan ne a cikin ɗaruruwan ƙauyukan Yammacin Kogin Jordan, kuma abin da ya hana faɗaɗawa cikin sauri a bayyane yake: ungozomomin ba su da yawa. Kowace rana da aka ba ƙauye an ɗauke ta ne daga ɗakin haihuwa, kuma ma'aikatar ba ta da sukunin ɗaukar sabbin ma'aikata yadda ake buƙata. Mafi yawan kuɗin shigar Hukumar Falasɗinu haraji ne da Isra'ila ke karɓa a madadinta bisa yarjejeniyar Paris ta 1994, kuma Isra'ila takan riƙe shi ko ta zaftare shi. Tun ƙarshen 2021 ma'aikatan gwamnati, har da na lafiya, ba sa samun cikakken albashi a kai a kai, kuma wani babban kaso na kasafin lafiya yana tafiya ne wajen biyan kuɗin majiyyatan da ake turawa asibitocin da ba na gwamnati ba. Wadda ake biya rabin albashi, ko kaso 70 cikin 100, ana kuma neman ta ƙara ɗaukar nauyin ƙauye guda, ana neman abu mai yawa a wurinta.

Haka kuma tsarin bai kai ga cikar kulawar ungozoma ɗaya daga farkon ciki zuwa jego ba, tunda babu tabbacin cewa ungozomar da ta yi wa mace awo ita ce za ta karɓi haihuwarta. Mafi muhimmanci ga batun da nake nazari, ikon da ungozomar ta samu a ƙauye bai zo da tsanin hawa zuwa manyan muƙamai ba. Matuƙar ba a buɗe kujerun daraktan lafiya na lardi da shugabancin asibiti ga wanda ba likita ba, matuƙar kuma naɗi bai koma kan cancanta da gasa a fili ba, to waɗannan mata za su tara ƙwarewar shugabanci ne su tsaya a inda suke, ko kuma ƙungiyoyin agaji masu biyan albashi mai kyau su kwashe su. Wannan hukunci ne da ke hannun ma'aikatar kanta, ba a hannun mamaya ba, kuma ina ganin ya kamata a faɗe shi a sarari.

Abin da ya faru tun watan Oktoban 2023 ya sa tambayar ta ƙara nauyi. A Gaza an kashe ma'aikatan lafiya fiye da 1,000, kuma shugabanni na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Dakta Adnan al-Bursh, shugaban sashen ƙashi na asibitin Shifa, ya rasu a gidan yarin Ofer na Isra'ila a watan Afrilun 2024. An kama Dakta Hussam Abu Safiya, shugaban asibitin Kamal Adwan, a ƙarshen Disambar 2024. An kashe Dakta Marwan al-Sultan, shugaban asibitin Indonesiya da ke arewacin Gaza, a watan Yulin 2025. Duk asibitin da aka rasa shugabansa, waɗanda suka rage ne suka ci gaba da riƙe shi, ma'aikatan jinya da ungozomomi da masu haɗa magani da ƙananan likitoci, ko an taɓa shirya su don hakan ko ba a taɓa ba. Rigakafin shan inna da aka yi a watan Satumbar 2024, wanda ya kai ga yara kusan 560,000 a zagayen farko ana tsakiyar yaƙi, ƙananan rukunoni ne na ma'aikata da suka san unguwanninsu suka ɗauke shi a kafaɗa.

A Yammacin Kogin Jordan kuwa, inda wannan tsari yake, ofishin jin ƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙidaya shingaye da ƙofofin ƙarfe da sauran abubuwan tare hanya fiye da 800 a farkon 2025, kuma farmakin sojoji a sansanonin Jenin da Tulkarm da Nur Shams ya raba mutane kimanin 40,000 da gidajensu. Ƙauyuka da dama a kewayen Nablus yanzu ƙofa ɗaya ce ke haɗa su da babban titi, kuma soja ne ke riƙe da makullinta. A irin wannan hali tafiyar da a da ba ta wuce rabin sa'a ba takan cinye rabin yini, kuma yanayin da ya sa mata suka haihu a bakin shinge shekaru 20 da suka wuce ya dawo. Ranar da aka rufe ƙofar, mai naƙuda da ke ciki tana buƙatar wadda ta san cikinta tun watan farko, wadda za ta iya gaya mata ko ta jira ko ta kama hanya tun da rana, ta kuma sanar da ɗakin haihuwa cewa ga wance nan tafe da hawan jini.